Koren Gawo

"Ba shi ba ne," in ji Baba Manu, ya ture marfin gwangwanin fentin da bayan hannu. "Wanga ai koren tuta ne. Jirgin yaƙi kake yi ko allon shagon caji?"

Abdullatif ya ɗauke marfin. Tun faɗuwar damina yake haɗa fenti yana kawowa zauren nan, tsohon yana kushewa. Jirgin kansa tuni ya ƙera shi da farin gwangwani, tsawon kamu guda, hanci a buɗe, fukafukai a karkace baya. Fenti kaɗai ya rage.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Dutsin-Ma, kuma Baba Manu ne ya koya masa rubutun allon shago. Tsohon yana saurayi, lokacin yaƙin basasa, ya bar ƙauyensu Barkiya ya tafi Kano, aka ɗauke shi lebura a filin jirgi, ya shafa wa jiragen yaƙi fenti. Ya ba da labarin nan a majalisa har aka gaji, aka laƙaba masa sunan jiragen, Manu Mig, kowa ya faɗa sai ya yi dariya. Yanzu ciwon hanta ya kwantar da shi, asibiti sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Abu guda ya roƙa, ya sake ganin jirginsa da launinsa na gaskiya kafin ya tafi.

Waya ba ta tsinana komai ba. Hotunan duk baƙi da fari ne, masu ƙera irin waɗannan ƙananan jirage kuwa sai gardama suke a intanet, wannan ya ce ruwan azurfa, wancan ya ce kore da ƙasa-ƙasa, alhali babu wanda ya taɓa shaƙar warin fentin a cikinsu.

"To Baba, kore kamar mi?" Abdullatif ya tambaya a karo na babu iyaka.

Tsohon ya daɗe yana kallon azara. "Ran da na buɗe gwangwanin fentin a Kano, sai da na yi ƙwalla," in ji shi. "Gawon gonarmu na gani. Ganyen gawo, Audu, sabon tofo. Ɗebo shi ka aje kusa da fentinka."

Kowane ɗan ƙasar nan ya san halin gawo, itacen da ke zubar da ganye in ruwa ya sauka, ba ya tofo sai kaka. Ga shi ana tsakiyar Agusta.

Duk da haka Abdullatif ya hau babur. Ya bi Makera, ya miƙa hanyar Kurfi, ya kutsa har Barkiya cikin taɓo, yana ɗaga kai kamar mai neman wata. Duniya ta yi kore shar, gero ya fi mutum tsawo, amma kowane gawo na tsaye tsirara, farin reshe da ƙaya. Ya girma a ƙarƙashin itacen nan, ya kwana da sanin ya san launinsa, sai da ya riƙe buroshi ya gane bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba.

Nana Hadiza, babbar 'yar tsohon, ta tare shi a ƙofar zaure. "Audu, ko kunu ba ya wucewa yanzu. Don Allah shafa kowane kore ka kawo mashi. Idon nashi ma mi yake gani?"

"Yaya, zai gane."

"To ya fi ya tafi bai gani ba?"

Abdullatif ya zuba fari da ɗigon baƙi a cikin kore, ya juya, ya shafa. Ransa bai kwanta ba, amma ya kai.

Aka tallabo Baba Manu, aka ɗora masa jirgin a cinya. Ya shafa fukafukin da babban yatsa, ya juya shi wajen hasken ƙofa. Abdullatif ya tsaya yana jiran faɗa, wallahi faɗan yake so.

"Ya yi kyau," in ji tsohon a hankali. "Allah ya yi maka albarka." Ya miƙa wa Nana Hadiza jirgin, ya juya fuska ga bango.

Mutumin da tun da Abdullatif ya san shi bai taɓa yabon aiki ba sai ya haɗa da zagi. Abdullatif ya fita ya zauna a dakali.

Ran Laraba, ana hada-hadar kasuwa, Baba Manu ya cika. A wajen zaman makoki wani ya ce, "Allah ya jiƙan Manu Mig," aka ɗan murmusa, aka shafa fatiha.

Da kaka ta yi, aka yanke gero, gawon bayan maƙabarta ya tofo. Abdullatif ya karɓo jirgin wurin Nana Hadiza, ya je ya janyo reshe, ya kara fukafukin da ganyen. Ganyen ya fi haske, yana da wani shuɗi-shuɗi da bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ɗigo biyu na shuɗi da sun wadatar.

Ya saki reshen, ya zauna a gindin itacen da jirgin a cinya. Awaki suka zagaye shi suna jiran abin da zai faɗo.