Katin da Sahabi Ya Ce a Jira

Duk kasuwar Tanut an san Sahabi da abu guda: ba ya sayen hatsi a lokacin da bai dace ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya tambayi wani baƙo daga Ollelewa ko shuka ta kama, sannan ya ce da masu rumbu su sayar ko su riƙe, kuma yawanci yadda ya faɗa haka take zama. Matsalar ita ce, mutumin da aka daɗe ana gaya masa ya san kasuwa yakan ɗauka kowace kasuwa ce ya sani. Sahabi kuwa an daɗe ana gaya masa.

Ɗansa Abdulmajid bai bi sawunsa ba. Zanen gini ya karanto a Damagaram, ya dawo da kwamfuta irin ta kan tebur, yana zana wa masu dawowa daga Aljeriya da Libiya gidajen da za su gina, har mutum ya ga zaurensa da tagoginsa kafin a buga bulo ɗaya. Sai dai in ya sa ta haɗa hoto mai motsi, kwamfutar takan yi ta huci kamar tsohuwar jaka a cikin rairayi, daga nan ta tsaya cik. Laifin na wani allo ne da ke cikinta, wanda shi ke ɗaukar nauyin hotuna, ana ce masa katin hoto. Nata ya tsufa.

Wata rana wani ofishin masu zanen gini a Damagaram ya ce yana neman ma'aikaci. Aka ba kowane mai nema zanen ɗan asibiti, aka ce ya mayar da shi bidiyo, yadda mai kallo zai ji kamar yana takawa daga ƙofa zuwa ɗakin haihuwa, ya aiko kafin azumi. Wanda nasa ya fi kyau, aikin nasa ne. Abdulmajid ya durƙusa gaban mahaifinsa bayan la'asar.

"Baba, Barmo direba zai tafi Kano jibi. In ka yarda, sai ya sayo mini kart ɗin nan, katin hoton da na gaya maka. Wanda ke kasuwa yanzu ya ishe ni."

"Zan saya maka," in ji Sahabi. "Amma bari in ji kasuwarsa tukuna."

Jin kasuwar ne ya kai shi rumfar Falalu mai gyaran salula, mutumin da ba ya rasa labari ko da babu. Falalu ya buɗe masa bidiyoyin wasu samari masu zuba Faransanci kamar famfo, yana fassara masa. Wai sababbin katuna na nan tafe, wai saurinsu zai ninka na yanzu, wai ma za su fi araha. Da aka zo nan Sahabi ya yi murmushi, don ya ji an shigo gonarsa.

"Ashe kaka ce ke tahowa," ya ce da ɗansa da ya koma gida. "Wa ke sayen hatsi ana gobe girbi? Sabo na shigowa, tsohon nan da kake so zai faɗi warwas. Ko ma mu sayi sabon gaba ɗaya. A jira."

"Baba, lokaci..."

"Na ce a jira."

Abdulmajid ya sunkuyar da kai ya ce to. Barmo ya tafi Kano ya dawo da taliya da batura.

Daga nan Sahabi ya kamu. Mutumin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba ya zama malamin katin hoto. Kullum da hantsi yana rumfar Falalu, suna gardamar wanne ne zai zo da fanka uku, wanne ne zai sha lantarki fiye da firji. Yau samarin su ce wata mai zuwa za a fito da su. Gobe wani ya ce an ɗaga. Jibi a ce manyan kamfanoni suna kwashe kayan da ake haɗa su da shi, ƙila su yi wuyar samu. Wannan na ƙarshe Sahabi ya ji shi sarai, amma ya kaɗa hannu, ya ce 'yan kasuwa ne ke tsorata masu saye, shi ma ya san dabarar.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, duk ranar da aka ce an ɗaga, sai ya ji wani sanyi a ransa. Yakan leƙa ɗakin yaron ya same shi ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a taga don iska ta yi sanyi, yana lallaɓa kwamfutar kamar mai jinya, sai tausayi ya kama shi. Amma a bayan tausayin akwai wani tunani da yake kora yana dawowa: in yaron ya tafi Damagaram, wa zai zauna masa a shagon hatsi ranar da gwiwoyinsa suka ƙi?

Matarsa Indo ce ta fasa ƙwan. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, katin nan kake jira ya faɗi, ko azumi kake jira ya zo?"

Ya yi faɗa sosai. Ya ce mata ba su san kasuwa ba. Ya fita ya bar furarsa, saboda tambayar ta same shi inda yake ɓoyewa.

Ana saura kwanaki kaɗan a ga wata, aka ce sababbin sun fito. Sahabi ya sa Barmo ya zaga Kano. Da azahar Barmo ya bugo waya, hayaniyar kasuwa na bayansa.

"Alhaji, sabon nan fa sai dai a hoto. Ba wanda ya taɓa shi da hannu. Tsohon kuma da ka ce zai faɗi, wallahi ya yi sama, masu shi ma ɓoyewa suke."

"Saya! Ko nawa ne, saya!"

"Wanda na gani da safe an riga ni."

Abdulmajid ya aika abin da ya samu: rabin bidiyo mai tsalle-tsalle, wanda ke tsayawa a bakin ƙofar asibitin ba ya shiga. A makon farko na azumi aka bugo masa aka ce zanensa ya yi kyau, amma an ɗauki wani. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Da aka sha ruwa ya ce da uwarsa, "Rabo ne, Inna, kwamfutar ce ta gaza." Sahabi yana kan tabarma da dabino a hannu, ya so a ce yaron ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Bayan sallah Sahabi ya shiga mota da kansa zuwa Damagaram. Ya bi shago shago har ya samu tsohon katin, wanda ɗansa ya roƙa tun farko. Mai shagon ya faɗi kuɗi, Sahabi da aka sani da tayi har mai kaya ya gaji ya miƙa ba tare da ya ce a rage ba. Ya rungumo kwalin a cinyarsa duk tsawon hanya, yana shirya maganar da zai faɗa, yana rushewa.

Ya iso Tanut ranar kasuwa da hantsi, ya wuce shago kai tsaye. Ya tarar an buɗe, an share, an jera buhuna. Abdulmajid na tsugune ya naɗe hannun riga, yana auna wa wata Bafulatana hatsi da tiya, yana cika ta har ta yi tozo, ƙwaya ko ɗaya ba ta zuba ƙasa ba.

"Ga kart ɗin," in ji Sahabi. Duk maganar da ya shirya ta tsere.

Abdulmajid ya goge hannu, ya karɓa da hannu biyu. "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Ya ajiye kwalin a kan buhu bai buɗe ba, ya juya ga matar. "Tiya nawa muka ce, Inna?"

Maƙwabcin shagon Sahabi ya leƙo, fuska cike da fara'a. "Alhaji, barka! Addu'arka ta karɓu, ka samu magaji."

Jama'a na kallo, dole ya amsa. Sahabi ya dubi bayan ɗansa da ya sunkuya a kan buhu, ya buɗe baki da ƙyar.

"Alhamdu lillahi," ya ce.