Baƙuwar Ƙafa a Tsakar Gida

Ƙashin ƙanwata Hanne kamar karan dawa yake. Tari kawai ya taɓa karya mata haƙarƙari. Tafin ƙafarta kuma a shimfiɗe yake, ba kwarmi. In ta taka sai idon sawu ya karkata ta faɗi, in ta faɗi sai karaya. Duk Toranke an san sawunta, shafe kamar an ajiye faifai.

Shekarar da na dawo daga karatu a Badun na kai ta asibitin ƙashi a Kano. Suka yi wa ƙafar dama aiki, suka ɗaga tafin, ta hagu sai baɗi. Da aka cire filasta likita ya ce ta riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙashin zai ƙara rauni, aikin ya tashi a banza. Dada, mahaifiyarmu, ta ce likitan ya je ya haifi tasa. Ta kwantar da Hanne a ɗaki, ta ɓoye sandarta.

Wata safiya, ruwa ya ɗauke ke nan, muka ji salatin Dada.

"Bubayero! Fito! An shigo mana!"

Baffa Bubayero, ƙanin babanmu, ya yi kiwo da ƙuruciya, don haka a ganinsa ba sawun da zai gagare shi. Ya tsuguna a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Mutum biyu ne," ya ce. "Na hagu na Hanne ne. Na dama baƙo ne, ga kwarmi. Ga ma ramin sandarsa."

"To ina ɗaya ƙafar kowannensu, Baffa?" na ce.

"Ɗan boko, yi mana shiru."

Dada ta leƙa ɗaki, tabarma wayam. Ta ɗora hannu a ka. Maƙwabciyarmu Gaji ta leƙo ta kan danga ta ce ai aljanin tsamiya dama ƙafa ɗaya gare shi. Kafin in yi bayani rabin unguwa ta fito, wannan da taɓarya, wancan da fartanya. Muka bi sawu ta bayan rumbuna. Ina dariya, ina kuma duba ko akwai inda santsi ya kwashe Hanne.

Babu. A bakin gonar gero muka same ta tsaye, ta dogara da muciyar Dada, tana tsinkar tafasa.

"Ina ɓarawon?" Baffa ya ce.

"Wane ɓarawo, Baffa?"

Ta taka ƙafar dama a laka, ta ɗaga. Ga kwarmi nan raɗau.

Gaji ta rangaɗa guɗa. Mata suka yo kan Hanne za su rungume ta. Na sha gabansu.

"Kada wanda ya taɓa ta! A yi murna daga nesa!"

Sai suka rungumi juna. Gaji ta rungumi taɓarya tana rawa.

Dada ta durƙusa ta sa yatsa a tsakiyar sawun, inda laka ba ta taku ba. Ta waiwaya ta dubi nisan gida.

"Ba ki faɗi ba?"

"Ko tuntuɓe, Dada."

Dada ta miƙe tana kakkaɓe zani. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai wannan, sandarta na ƙarƙashin rumbu, je ka ɗauko mata. Muciyar nan ta tuwo ce."

Baffa ya saɓa fartanya.

"Na dai faɗa muku ƙafar nan baƙuwa ce."