Baban Rudo a Kan Kwano

Duk unguwar Highfield ta Harare babu wanda ya kai Tonderai Gwenzi, wato Baban Rudo, sanin tarihin ƙungiyar ƙasa ta kurket, wasan dukan ƙwallo da sanda. Ka tambaye shi ranar haihuwar ’ya’yansa, sai ya hau sosa ƙeya. Ka tambaye shi wasan shekara ashirin da suka wuce, zai zayyana maka makin kowa daki-daki. Ilimin da bai raba mutum da wauta ba, kaya ne kawai.

Akwai wata al’adar ’yan kurket da ya riƙe kamar addini. Muddin masu dukan ƙwallo biyu suka kama tara maki, kowa ya tsaya inda yake. In ka motsa aka fitar da ɗayansu, alhakin ƙasa yana wuyanka. Har gobe yana rantsuwa cewa wani babban kofi ya kuɓuce ne don surukinsa ya tashi ɗauko gishiri.

Wata Asabar ƙungiyar na da wasa a Bulawayo, hoton talabijin ya ƙi tsayawa. Ya hau kan kwanon ɗaki yana juya eriya, matarsa tana leƙowa ta taga. Da hoto ya fito ta ce ya bar ta haka. Ya tambayi maki, ta ce arba’in, ba a fitar da kowa ba. Yana laluben tsani da ƙafa ta ce arba’in da huɗu, can kuma hamsin.

Baban Rudo ya janye ƙafarsa.

Rana ta take, kwano ya yi zafi kamar tanda. Matar ta ce ya sauko ga tuwon masara yana hucewa, ya ce ƙasa ta fi tuwo. Ya cire riga ya zauna a kai, ya rungume eriya. Maƙwabta suka fito kallo, yana kora musu bayani daga sama cewa da irin wannan haƙurin ake kafa tarihi.

Wajen ƙarfe uku matar ta ce, “Baban Rudo, Chamu ya yi ɗari. Ga shi yana ɗaga sanda, siriri abinsa, har da suma.”

Baban Rudo ya leƙo ƙasa. Chamu, tsohon ɗan wasan ƙungiyar, ya yi shekara goma sha biyu da barin wasa, tayoyi yake sayarwa a bakin titi. Ga shi ma nan tsaye cikin ’yan kallo, da tumbi da sanƙo. Ashe tun safe ruwa ake zubawa a Bulawayo, ba a buga ko ƙwallo ɗaya ba, gidan talabijin ya sa tsohon wasa don cike lokaci. Wasan da Baban Rudo ya haddace kamar sunansa.

“Maman Rudo, ba su rubuta ana ruwa ba?”

“Sun rubuta mana. Maki ka tambaye ni.”

Unguwa ta kece da dariya. Ya miƙa ƙafa yana neman tsani, sai Chamu ya ɗaga hannu.

“Yaya, don Allah ɗan zauna. Ran nan a ɗari da goma sha ɗaya aka fitar da ni. Wa ya sani ko yau a dace?”

Baban Rudo ya dube shi, ya dubi tsanin. Ya kuwa koma ya zauna.