Allin Dada Asta

Selina ta jingina kekenta a zauren gidan Malam Yuguda, a unguwar Kumbiya-Kumbiya, ta shiga da sallamar da ba ta jira a amsa ba. Tun safe take cikin fushi. Malam Yuguda, babban akawu a ofishin En'e, ya je asibiti cikin sabuwar Fijo ya tsare ta gaban marasa lafiya, ya ce wata biyar ke nan uwarsa na shan maganin da ta ba ta, amma bayanta sai ƙara tanƙwarewa yake, ko dai ba ta san aikinta ba ne. Likita kuwa ya riga ya faɗa: ƙasusuwan tsohuwar sun zaizaye, hannu ya karye a bara, in ta sake faɗuwa ƙugu ne zai tafi, kuma ba za ta ƙara tashi ba.

Ta tarar da uwar tasa, Dada Asta, a gindin darbejiya tana kaɗi, mazari na juyawa cikin tasa. Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta dai ce wa audugarta ga 'yar asibitin nan ta sake zuwa da farar rigarta, kamar an aiko ta ɗaukar rai.

Selina ta nemi kwalbar magani, aka nuna mata da haɓa. Saura ƙwaya tara, daidai yadda ya kamata. Ta tsaya tana juya kwalbar, ta rasa ta inda za ta kama tsohuwar. Sai ta ga Dada Asta ta tsoma yatsu biyu a wani ɗan kasko, ta fito da su fari fat, ta murza mazari. Selina ta sunkuya. A cikin garin akwai rabin ƙwaya da bai daku ba, da tsagar nan tasa ta tsakiya.

"Dada, maganin ne kike dakawa?"

"Ke kika ce alli ne."

Haka ne kuwa, ita ta faɗa. Ranar farko ta rasa yadda za ta kira sinadarin da ke cikin maganin da Hausa, don ita da Tangalanci ta tashi, tsohuwar kuma da Fulatanci, Hausar kasuwa ce kawai ta haɗa su. Sai ta ce ƙwayar alli ce mai ƙarfafa ƙashi. Dada Asta ta ce ita tun kafin a haifi uwar Selina take kaɗi, ta san alli, ƙashi ake ƙonawa a daka. Ƙashin me Turawa suka ƙona, wa ya yanka dabbar, ya ambaci sunan Allah? Ita ba za ta kai mushe cikinta da furfura a kanta ba. Amma ta yaba masa, ya fi na kasuwa laushi, zare ba ya tsinkewa.

Selina ta ce ba ƙashi ba ne, daga dutse ake yin sa, irin farin dutsen Ashaka. Tsohuwar ta yi tsaki, ta ce jiya alli, yau dutse, gobe kuma sai a ce mata siminti ne.

Nan haƙurin Selina ya ƙare. Ta tsuguna dab da ita, ta yi ƙasa da murya don matan gidan da ke leƙe.

"To kada ki sha. Amma ran da ƙugun nan ya karye, a kwance za ki ƙare. Ba a kaɗi a kwance, Dada. Surukanki ne za su riƙa juya ki, su ɗaga miki zane, su sa miki tasa."

Mazarin ya tsaya. Dada Asta ta dubi ƙofar ɗakin da surukanta suke, matan da ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansu ba. Daga baya ta ce Selina ba ta da kunya, kuma wanda ya raine ta bai gama aikinsa ba. Ta sa ta rantse da littafinsu na coci cewa babu ƙashi a ciki. Selina ta rantse. Tsohuwar ta karɓi ƙwaya ɗaya, ta juya baya, ta haɗiye da ragowar nonon da ke ƙwarya, ta goge baki kamar an zage ta.

"Yanzu da me zan yi kaɗin? Kin cinye mini alli."

Selina ba ta yi sallama ba. Ta fito da kekenta, ta tsaya a bakin titi tana kallon hanyar asibiti, inda layi ke jiranta. Ƙwaya takwas suka rage, kuma ta san yatsun nan ba za su kwana biyu a bushe ba. Ta ja tsaki, ta juya kan keken zuwa kasuwa, tana tunanin a wace rumfa ake sayar da allin kaɗi.