Akwatin da Ya Suma Tare da Motar Baba

Motar Baba ba ta taɓa mutuwa a gaban makanike ba. A titi take mutuwa, a tsakiyar mahaɗa, ko a ƙofar gidan mutanen da Baba ba ya so su gan shi yana turi. Da an kai ta garejin Kawu, ƙanin Umma, sai ta tashi da murɗi ɗaya, ta yi ta gurnani lafiya lau kamar ba ita ba.

Kawu da kunne yake aiki. Yakan ɗora bakin dogon sukudireba a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. A wata biyar ya canza filogi, ya canza kwil, ya canza famfon mai sau biyu. Duk wanda ya canza sai ya ce, “Yaya, an gama, je ka abinka.” Bayan kwana biyu Baba ya dawo da gumi har tsakiyar baya.

Ni kuwa shekara biyar na yi ina karatun lantarki, na fito da sakamakon da ba na jin kunyar nuna wa kowa. Shekara guda cur ina roƙon Kawu ya ba ni gefen tebur a garejinsa in riƙa duba wayoyin mota. Kullum amsarsa ɗaya: nan ba aji ba ne. Mai Walda, maƙwabcinsa, shi ya laƙaba min Injiniya, kuma yadda yake jan sunan ya fi zagi ciwo.

Ranar da Kawu ya ce ba abin da ya rage sai a sauke inji, na ce masa kada ya taɓa.

“Ka ba ni mako guda, Kawu. Zan haɗa na'urar da za ta zauna a cikin motar tana rubuta duk abin da sensa-sensan injin ke faɗa. Lokacin da ta mutu, za mu ga wa ya fara yin shiru.”

“Kun ji, wai mota za ta yi rubutu,” in ji Mai Walda. “Sai a saya mata biro.”

Kawu ya goge hannu da tsumma. “To, 'yar Yaya, nan da Asabar. Kika gano, teburin can na bakin ƙofa naki ne. Kika kasa, kin daina zuwar min gareji da wannan jakar taki.”

Na ce na yarda, a gaban shaidu.

Ba na'urar kanti na saya ba. Ina da wani ɗan allon lantarki da bai fi kwalin ashana ba, ragowar aikin makaranta. Katin ajiya na zare daga tsohuwar wayar Umma. Ƙananan kayan rage ƙarfin wuta na ɓamɓaro daga mataccen rediyon Baba, saboda wutar mota ta fi ƙarfin ɗan allon. Na shimfiɗa jarida a teburin cin abinci na hau narka dalma. Na ƙone yatsa uku. Gwajin farko na juya waya ɗaya, hayaƙi ya tashi, Umma ta fito da gudu daga kicin tana tambayar me ta bari a wuta. Na sake daga farko. Da na gama, na zuba komai a robar abinci mai shuɗin murfi, na huda gefenta, wayoyi uku suka fito: ɗaya zuwa sensar zafin ruwa, ɗaya zuwa sensar juyawar inji, ɗaya zuwa batir. Sau ashirin take rubutu a kowace daƙiƙa. Wutar da za ta ci kuwa na jawo daga ramin cajin waya na gaban mota.

“Robar nan nake nema tun jiya,” in ji Umma.

“Tana aikin ƙasa, Umma.”

Na ce wa Baba ya ba ni motar in gwada. Ya zaro tarin makullansa daga aljihu. Baba mai shagon kayan gini ne, kuma bai taɓa jefar da makulli ba a rayuwarsa. Na gida, na shago, na sito, na durowa, na kwaɗon da ya ɓace tun ina goye, duk suna zobe ɗaya, aljihun rigarsa na dama ya fi na hagu tsawo saboda su. Ya sa farce ya zare na motar shi kaɗai ya miƙo min, kamar yadda yake yi wa Kawu da duk wanda zai taɓa motar. Ba wai bai yarda da mutane ba ne, in ji shi, tsari ne kawai.

Kwana uku ina yawo da motar. Duk hanyar da ke da gargada sai da na bi, duk rami sai da na faɗa da gangan. Ko tari ba ta yi ba. Na buɗe katin a kwamfuta na ga layuka uku a miƙe, lafiyayyu, kamar na sabuwar mota.

“Injiniya, me robar ta ce?” Mai Walda ya tambaya.

“Tana tattara bayani.”

“A tattara a hankali, kada ya zube.”

Ranar Laraba na mayar wa Baba motarsa da robar a ƙarƙashin kujera. Kafin la'asar ta mutu masa sau biyu. Ban taɓa murnar wahalar mahaifina ba sai ranar. Na zaro katin daga robar, na ruga gareji da kwamfutata, Kawu da Mai Walda suka tsaya a kaina. Na buɗe. Layuka suna tafiya daidai, zafi daidai, inji yana juyawa daidai, sai kawai rubutun ya yanke. Ba komai bayansa. Na biyun ma haka. Daidai lokacin da na ajiye ta don ta gani, na'urata ta ɗauke.

Mai Walda ya yi dariya har ya riƙe murfin mota. “An aiki mai jinya, ta tarar da mara lafiya ya suma, ita ma ta zube a gefensa!”

Kawu bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ƙona min rai. Cewa ya yi, “Ki je gida ki huta, 'yar Yaya. Mota ba takarda ba ce.”

Ban yi kuka a gabansu ba. Na naɗe wayoyina ɗaya bayan ɗaya, na yi musu sallama da murya sama, na fita da kaina a miƙe. Sai da na sha kwana sannan na goge ido da gefen mayafi.

Washegari ina wanke kwanuka abin ya faɗo min. In mai ne ya yanke, ko filogi ya ƙi, inji zai mutu amma ramin cajin waya zai ci gaba da ba da wuta, robata ta ci gaba da rubutu. Ita kuwa ta mutu alhali inji yana kan juyawa. Ke nan ba tare suka suma ba, ita ta riga shi. Kuma wuri ɗaya ne tak wutarta da wutar inji suke haɗuwa: makunnin da ake zura makulli.

Na kwashe batiran tocilar Umma na ba robar wutarta ta kanta. Na ƙara waya ta huɗu zuwa bayan makunni. Ranar Juma'a da safe na ce wa Baba zan raka shi shago, na zauna a gaba da kwamfuta a cinya. Muka hau gargadar bayan kasuwa, layin batir yana nan daram, layin makunni ya faɗi ƙasa tim, mota ta yi shiru. Na ɗago kai. Tarin makullan Baba yana lilo a ƙarƙashin sitiyari, yana bugun gwiwarsa, cakal, cakal.

Na rufe kwamfutar. Na sauka na taya shi turi, ina murmushi, har ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau.

Asabar muka shiga gareji. Baba ya sa farce zai zare makullin mota, na ce, “Baba, yau bar shi da 'yan'uwansa.” Ya dubi Kawu, ya dubi makullin sitonsa, sannan ya miƙo da kyar. Na tada mota. Na nuna musu layukan jiya, ba wanda ya kalla. Sai na sa yatsa ɗaya na ɗan taɓa tarin makullan.

Motar ta mutu. A gaban makanike, karo na farko.

Na sake tadawa, na sake taɓawa, ta sake mutuwa. Mai Walda ya ce a bar shi ya gwada, ya kashe ta sau huɗu yana ƙyaƙyata dariya.

“Nauyinsu ya cinye cikin makunnin,” na ce. “Da an hau gargada sai su fizge shi. Ku kuma ba ku taɓa gani ba, don Baba makulli ɗaya yake ba ku.”

Kawu ya juya ga Baba a hankali. “Yaya, wata biyar. Famfon mai biyu. Ashe tsoro kake kada in buɗe maka sito?”

“Tsari ne kawai,” in ji Baba, yana kallon rufi.

“Ni dama kunnena ya ba ni wajen sitiyari ne,” Kawu ya faɗa wa Mai Walda.

“Kawu, tebur,” na ce.

Ya nuna shi da haɓa. Ƙafa uku gare shi, ta huɗun tsohon batir ne aka tokara. Na share shi da kaina, na ɗora robar a tsakiya inda duk mai shigowa zai gani. Kawu ya canza makunni a ranar. Baba dai bai yarda ya rage ko makulli ɗaya ba, sai dai yanzu na motar yana zaune shi kaɗai a zare, sauran suna aljihun dama.

Ranar Litinin Mai Walda ya leƙo, ya rage murya, ya ce motar surukinsa tana wani abu da ba ta yi sai a hanya. Ya ce, “Injiniya,” kuma wannan karon bai ja sunan ba. Na ce ya dawo bayan azahar, yanzu ina da aiki: Umma ta aiko a mayar mata da batiran tocilarta.