Jan Fenti a Shagon Gwaggo

Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun haɗa taswira da kwamfuta: a ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam, a ɗora musu bayanai, har a gane inda ruwa ke bi da inda gari ke faɗaɗa. Yayanta dai cewa yake an kai ta jami'a koyon zane.

Da aka zo aikin kammala digiri sai ta zaɓi unguwarsu, don duk damina ruwa sai ya shiga ɗakunan mutane. Ta yi ta bin lunguna da na'urar auna wuri a hannu, tana tambayar tsofaffi ta ina tsohon rafi ya bi kafin a cike shi. Gwaggonta, mai shagon ɗinki a bakin kwalbati, ita ta riƙa shigar da ita gidaje, tana cewa 'yar ƙaninta ce, su saki jiki da ita.

Taswirar ta nuna gidajen gangare suna kan hanyar ruwa. Ta kuma nuna abin da ya karkato ruwan kansu: katangar wani sabon rukunin gidaje da aka gina a tudu, wadda ta toshe bakin rafin. Daktan da ke duba aikinta ya ce ta cire batun katangar, wai ya wuce iyakar bincikenta. Ta cire, ba don ranta ya so ba.

Ana saura kaɗan ta kare aikin gaban malamai, ma'aikatan hukumar tsara gari suka shigo unguwar da bokitin jan fenti, suna shafa wa gidaje alamar rusau. Auta ta fito ta tarar sun shafa wa shagon Gwaggo. Abin da shugabansu ke dubawa a hannu kuwa taswirarta ce, har launukan da ta zaɓa, sai dai sunan Dakta ne a ƙasa.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi fentin, ta dube ta.

"Ashe auna mu kika zo yi. Ni kuwa na riƙa buɗe miki ƙofofin mutane."

Auta ta isa ofishin Dakta, ko sallama ba ta yi ba. Ya ce ta zauna, ta ƙi. Ya yi mata bayani a tsanake cewa duk aikin ɗalibi mallakar sashe ne, hukuma ta nemi shawararsa ya bayar, kuma ai ba ƙarya a taswirar.

"Rabin gaskiya ce, Dakta. Kai ka sa na yanke sauran."

Ya tuna mata cewa sakamakonta bai fito ba tukuna.

Ranar kare aikin ta haska taswirar a bango, cikakkiya, da katangar a cikinta, ta nuna yadda ruwan ke cin karo da ita ya juyo gangare. Dakta ya ce ba wannan ya amince da shi ba. Malamar da aka gayyato daga wata jami'a ta ce a bar yarinya ta gama, ta kuma nemi a ba ta kwafi. Auta ta ci gaba har ta gama.

An ba ta makin da bai kai aikinta ba, ta ci dai da ƙyar. Ta buga taswirar babba ta kai wa dattawan unguwa, suka tafi da ita hukumar. Aka dakatar da rushe gidajen zama, aka ce za a sake dubawa. Shagunan bakin kwalbati kuwa an riga an ture su, katangar tana nan ba wanda ya taɓa ta.

Gwaggo ta mayar da keken ɗinkinta cikin gida, tana ɗinki a ƙofar ɗaki. In Auta ta shiga gaishe ta, takan amsa ba tare da ta ɗaga ƙafa daga kan keken ba.