Birekar da Ta Ƙi Faɗuwa

Shekara goma sha tara Madam Lutgarde Vermeersch tana duba mini aiki. Ni ɗan kwangilar wutar lantarki ne, sunana Remi Dhondt, shagona yana bayan tashar jirgin ƙasa ta Oudenaarde. Ita kuwa sufeto ce. Duk ginin da na ja wa waya, ba a ba shi wuta sai ta zo da jakarta ta auna, ta sa hannu a takarda.

Da farko ba ma shiri ko kaɗan. Ta taɓa sa ni fasa bangon kicin sukutum saboda waya ɗaya da na bi da ita ta inda bai kamata ba. A hankali ta gane ba na ha'inci, ni ma na gane ba mugunta ke sa ta ba. Daga nan muka koma tsokanar juna.

Wata Laraba ce a watan Oktoba, ana yayyafi tun safe. Na gama aikin wani tsohon gidan gona a ƙauyen Mater wanda aka raba gida uku na haya. Ta iso bayan ƙarfe ɗaya, tana karkaɗe lema.

Ta ce, "Dhondt, har yanzu wannan rigar sanyin? Tun ina budurwa nake ganinta a jikinka."

Na ce, "Madam, yaushe kika yi budurcin? Ai da mita a hannu aka haife ki."

"Buɗe mini akwatin, tsoho. Ina da wani wuri ƙarfe uku."

Na buɗe akwatin wutar gidan farko. A cikin kowane akwati akwai wata bireka mai aiki ɗaya tak: idan wuta ta fara yoyo, ta bi ruwa ko ta bi jikin mutum, sai ta faɗi nan take ta katse komai. Tana da ɗan maɓallin gwaji a goshi. Madam ta danna, birekar ta faɗi ƙas. Ta mayar da ita, sannan ta jona mitarta a soket ɗin banɗaki. Mitar tana sakin yoyo na gaske ɗan kaɗan, don a ga ko birekar za ta ji.

Ba ta faɗi ba.

Ta sake. Ta ƙara ƙarfin yoyon, ta sake. Birekar tana nan tsaye kamar ba da ita ake ba.

Na ce, "Mitarki ce ta tsufa."

Ta naɗe wayoyinta ta wuce gida na biyu, ina biye. Bireka shida ne a gidajen uku. Duka suna faɗuwa da maɓalli, amma uku ne kawai suka faɗi da mita.

Ta ciro ɗaya, ta juya ta a hannu, ta kai ta bakin taga. "Ina ka samo su?"

Na faɗa mata gaskiya. A watan Yuli dilan da na saba da shi ya ce sai bayan mako shida kaya za su zo. Wani abokin sana'a ya nuna mini wani dila a hanyar Ghent, yana da su jibge, suna ɗaya, tambari ɗaya. Na ɗauki katan biyu, guda ashirin da huɗu.

"Shida a nan. Sauran fa?"

"Shida suna cikin mota."

"Saura sha biyu."

Sai a lokacin na tuna inda na sa su. A ƙetaren kogi akwai wani gidan gashin jiki mai ɗan kwamin ninkaya na ruwan ɗumi, inda wata Madam Noëlla ke koyarwa. Da safe tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi ke shiga. Ni na sake musu waya a watan Agusta, fitilun cikin ruwa, injin ɗumama, injin famfo, duka. Famfon tsoho ne, na ce a canza shi, mai wurin ya ce sai baɗi. Ban matsa ba, don na san akwai bireka a bayansa.

Na ce, "Kwamin Madam Noëlla."

Na ga fuskarta ta canza. Madam Vermeersch ce ta duba wurin da kanta a watan Agusta. Ranar mijinta yana asibiti an yi masa aiki, hankalinta ba ya jikinta. Ta danna maɓallan duka, ta auna biyu da mita, ta dube ni ta ce, "Aikinka ne, na san shi." Ta sa hannu ta tafi.

Ta ce, "Yau Laraba."

Ba sai ta ƙarasa ba. Ranar Laraba ƙarfe biyu iyaye mata ke shiga da jarirai. Na duba agogo, biyu saura ashirin.

Ni ke tuƙi, ita ke kiran waya. Layin ofishin murya ce kawai da aka naɗa, tana faɗin lokutan buɗewa. Wayar Madam Noëlla, mai koyarwa a ruwan, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta kira kamfanin rarraba wuta ta ce a katse layin ginin, suka ce motarsu mafi kusa sai ta yi minti arba'in. A saukar wani tudu muka tarar da tarakta ɗauke da gwoza, saiwar da ake yin sukari da ita, tana tafiya kamar ba za ta kai ba, hanya kuma ta ƙi ba da wurin wucewa. Na danna ham har hannuna ya gaji.

A ƙasa-ƙasa na ce, "Wata biyu ke nan ana shiga, ba abin da ya faru."

"Wata biyu ke nan famfon yana ƙara tsufa."

"Wataƙila birekarsa tana cikin masu kyau."

"Wataƙila. Ka dubi hanya."

Ta sake danna lambar Madam Noëlla.

Muna isa bakin kogi ƙararrawa ta fara kaɗawa, sandar ta sauko. An ɗaga gada, wani dogon jirgin yashi yana shigowa a hankali. Biyu da minti huɗu. Sun riga sun shiga ruwa.

Ta ce, "Sauka ka bi matakalar masu ƙafa, ita ke tsallake kogin ta sama. Zan kawo motar." Har na buɗe ƙofa ta riƙe mini hannun riga. "Saurara, Remi. Kada ka ce musu su fito. Tsanin ƙarfe za su kama, can ne abin yake. Ka fara kashe babban layi."

Ba ta taɓa kiran sunana na yanka ba sai ranar.

Shekarata hamsin da bakwai, ga guiwa ɗaya ba lafiya. Na hau matakalar, na sauka, na yi gudun da rabona da shi tun ina soja. Ina gudu ina lissafin abin da na sani: ruwan ɗumi, jiƙaƙƙiyar fata, jariri mai kilo bakwai. Wutar da za ta ɗan fizgi babba ta sake shi, ita ce za ta tsayar da zuciyar jariri. Na yi ƙoƙarin daina tunanin, ya ƙi.

Na shiga ginin, na wuce teburin karɓar baƙi, ba kowa. Ta gilashin barandar na hango su. Mata takwas ko tara a cikin ruwa sun yi da'ira, kowace riƙe da ɗanta, suna waƙa suna juyawa. Wata ta baro da'irar ta nufi tsani, ɗanta yana kuka a kafaɗarta. Na so in yi ihu, na tuna gargaɗin Madam, na juya na gangara ɗakin injuna.

A kulle yake. Na san lambar ƙofar, ni na sa ta, amma yatsana ya danna ba daidai ba. Na sake, ba daidai ba. Na tsaya na ja numfashi, na danna a hankali kamar yaro mai koyon ƙirga. Ƙofar ta buɗe. Na kama hannun babban layin da hannu biyu na ja ƙasa.

Komai ya mutu. Famfon ya yi gurnani ya tsaya. Sai kuka ya ɓarke a sama, jarirai da mata gaba ɗaya, ni kuwa ina tsaye cikin duhu ban san kukan mene ne ba, na duhun ne ko na wani abin da ya riga ni. Na lalubi matakala na hau.

Duhun ne. Fitilun gaggawa sun kama, matan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ana naɗe yara da tawul. Na tsaya a ƙofa ina ƙirga su da ido, na ƙirga har sau uku. Madam Noëlla ta nufo ni ruwa na zuba a jikinta.

"Malam Dhondt, kai ka kashe mana wuta? Kana da hankali kuwa? Da jarirai a ruwa?"

Na zauna kan benci, ƙirjina yana zafi. A haka Madam Vermeersch ta shigo da jakarta. Ta dubi matan, ta dubi yaran, ta nuna katinta, ta ce an rufe wurin sai abin da hali ya yi.

Da kowa ya watse muka sauka mu uku. Muka mayar da wuta layi-layi tana aunawa. Cikin sha biyu, biyar ba su faɗi ba, har da ta famfon. Ta auna famfon kansa, ta juyo mini fuskar mitar. Yana yoyo. Bai yi yawa ba tukuna, amma yana yi.

Madam Noëlla ta riƙe baki. Ta ce makon jiya wani tsoho, Malam Omer, ya yi mata ƙorafi wai tsanin yana cizon hannunsa. Mutumin yana da ciwon jijiya, sai ta ɗauka shi ne, har ta tsokane shi ta ce tsani ba shi da haƙora. Ta zauna kan matakala tana kuka ba sauti.

Washegari Madam Vermeersch ta rubuta rahoto. Ta sa sunan dilan, ta sa nawa, ta kuma rubuta da hannunta cewa bireka biyu kawai ta auna cikin sha biyu a watan Agusta. Na roƙe ta ta cire wannan maganar, tunda ba wanda ya sani sai ni. Ta ce ita ta sani. Aka dakatar da ita wata uku. Ni ma na sha kira da tambayoyi, na kuma ciro duk ashirin da huɗun na miƙa. Da aka fasa su, rabi ba komai a ciki sai maɓalli da ɗan ƙarfen da ke sa su faɗi idan an danna. Aka rufe shagon dilan, aka aika wa 'yan kwangila takarda a faɗin yankin.

A watan Fabrairu ta dawo aiki. Wurin farko da ta duba mini wani gidan burodi ne a Ename, ana sanyi mai shiga ƙashi. Ta rame. Tana jona mita na tambaye ta ko an gama tattaro kayan.

"An samo ɗari uku da sha ɗaya."

"Dilan nawa ya sayar?"

"Ya ce bai sani ba. Wasu ba rasit ya ba da su."

"To sauran suna ina?"

"A bangon mutane, Dhondt. Ina kake so su kasance?"

Birekar farko ta faɗi. Ta rubuta lambar a littafinta, ta mayar da ita, ta matsa kan ta biyu. Guda talatin da ɗaya ne a gidan burodin, sai da hasken rana ya fara raguwa muka gama.